Ranar da Manomin Ƙauyen Taba Ya Riga Shugaba Magana

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar aminina Dakta Yahuza. Tare muka yi firamare a Makarfi. Ni na bi aikin tafinta, ya kai ni Kumasi da Fotlami da Hartum. Shi kuwa ya karanci kimiyyar siyasa, ya dawo yana koyarwa a jami'a, ba da jimawa da samun mulkin kai ba.

Bincikensa a kan majalisun gunduma ya yi. Ya zaga na Ikara da Makarfi da Kudan, yana zama daga baya yana saurare. Abin da ya gano ba shi da tsawo. Shugaba ne ke fara faɗin ra'ayinsa, kuma da zarar ya faɗa, babu wakilin ƙauyen da zai saɓa masa a bainar jama'a. Sai kowa ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," a tashi. Na ce masa na ga irin haka a wurare da dama, illa dai a Kumasi na ga sarki yana shiru sai kowa ya gama. Ya ce, "Ai ba sai mun je Kumasi ba. A gidanku, idan za a sasanta 'yan'uwa, wa ke magana a ƙarshe?"

Abokan aikinsa sun ce ya rubuta littafi ya huta. Ya rubuta, amma kuma ya tsaya zaɓe, ya shiga majalisar gundumarmu.

A shekarar, aiki ɗaya majalisa za ta iya yi: ko masaukin baƙi, ko gada a kan rafin da ke raba ƙauyen Taba da babbar hanya. Kowa ya san shugaba masauki yake so. Kowa kuma ya san cewa a daminar da ta wuce, surukar Malam Tanimu, wakilin Taba, ta rasu a bakin rafin tana naƙuda, ruwa ya hana a ƙetare da ita.

Ina hutu a gida, na je kallon zaman majalisar. Kafin a soma, Yahuza ya durƙusa kamar kowa. Bai kawo maganar littafi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a al'adarmu babba ke rufe magana. Bai dace mu bar ka ka fara kamar ƙarami ba." Shugaba ya dube shi ya ce, "Kai ɗan boko, yau kai ke koya mana al'ada?" Aka yi dariya. Amma ya yarda, don ƙin yarda ya fi wuya.

Haka magana ta faɗo kan Malam Tanimu, manomin rake wanda bai taɓa cewa komai a zauren ba. Ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, baƙo yana iya kwana a zaurena. Mai naƙuda ba ta iya jiran rani." Na kusa da shi ya bi bayansa, na gaba ma haka. Da layi ya iso kan shugaba, ya ce a yi gada.

Yahuza bai ci zaɓe na gaba ba, kuma bayan fitarsa aka koma tsohon tsari. Bai yi mamaki ba. Ya koma aji.

Da yana raye, ban san me zai ce da ƙananan hukumomin yanzu ba, inda wani lokaci shugaban ma jira yake a bugo masa waya kafin ya san ra'ayinsa. Ina jin zai sami benci daga baya ya zauna.

Littafinsa kaɗan ne suka karanta. Gadar kuwa tana nan. Makon jiya na bi ta kanta a bayan wata mota shaƙe da rake. Na tambayi ɗan acaɓan da ya ɗauko ni wa ya gina ta. Ya ce, "Baba, an ce wani manomi ne ya yi magana." Ban gyara masa ba. Yahuza ma ba zai gyara ba.