Fentin Baba da na wanke da hannuna

Shekara biyar da suka wuce ni injiniya ne a wani kamfanin gas a Doha, mai ji da kai, wanda ba a taɓa masa kaya. Ina zaune da matata a unguwar Old Airport. Wani abokin aiki ne ya koya mini fentin ƴan ƙananan mutum-mutumi na roba, mayaƙa da dodanni irin na tatsuniya, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ana jera su a tebur a yi wasan yaƙi. Wasan bai dame ni ba, gyaran ne ya shiga raina. Sai in yanke kan wannan in liƙa a jikin wancan. Akwai wani da na shafe wata uku ina sassaƙa masa layu da kwari da baka har ya koma maharbin garinmu sak, saura fenti kawai in kai shi gasar da ƴan ƙungiyarmu ta masu irin wannan fenti suka shirya.

A lokacin ne na kawo mahaifina daga gida zuwa asibiti a Doha saboda hannunsa ya fara rawa. Baba mai zanen manyan motoci ne, shekara arba'in yana zana zakuna da furanni a bayan tirela, da wannan sana'ar ya yi mini karatu. Kunya ce in faɗa, amma ban taɓa gaya wa abokan aikina abin da yake yi ba. Kullum na zauna fenti sai ya jawo kujera ya zuba mini ido. Yakan tsokane ni wai launukana duk sun yi duhu kamar masu zaman makoki.

Ranar wata Alhamis na dawo daga aiki na tarar da shi a ɗakina yana murmushi, maharbina a tafin hannunsa. Ya shafe shi da ja da ɗorawa da kore shar, fentin ya yi kauri har ya rufe layun, ido ɗaya ya zurara. Ya ce tun hantsi yake kai, yana riƙe hannun dama da na hagu don kada ya yi rawa, wai yana so shi ma ya sa hannu a aikin ɗansa. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan ba bayan tirela ba ne. Na jefa maharbin cikin kwalbar sinadarin da muke cire fenti da shi, na goge shi tas da tsohon buroshin haƙori, Baba yana tsaye yana kallo. Har faɗa na yi masa don ya bar alƙalamin fentina ya bushe bai wanke ba. Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya huci zuciyata, ya ɗauka hannun nasa zai iya.

Bai ƙara shiga ɗakin ba. Matata ta yi ta roƙona in ba shi haƙuri, ina cewa sai gobe. Ranar da na kai shi kasuwar Souq Waqif sayen tsarabar komawa gida, maganar ta zo mini har baki, na haɗiye, na ce in na je gida da sallah zan faɗa. Ko sallar ba a kai ba aka bugo mini cewa ya rasu.

Ban je gasar ba, maharbin yana nan fari fat, na kasa taɓa shi. Zanen Baba na ƙarshe a duniya ni na kankare shi, ko hotonsa ban ɗauka ba. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Na gane na fifita roba a kan mutumin da hannunsa ya ciyar da ni.

Don Allah, duk wanda iyayensa ke raye, in sun sa hannu a abin da kake so ko da sun ɓata, ka bar shi yadda suka yi, kuma kada ka ajiye ban haƙuri sai sallah. Ni abin da ya rage mini shi ne alƙalamin nan da ya bushe da jan fentinsa. Shi kam ban wanke ba.