Baffa Sada da Kuɗin Motar Mutum Biyu

Kullum in an idar da sallar asuba a unguwarmu a Kura, kafin mai shayi ya hura wuta, Baffa Sada ya riga ya ɗaure jakar fatarsa a bayan keke. Filaya ce a ciki, da sukundireba, da testa, da guntayen waya. A jikin keken kuma akwai sandar kiwo wadda ta daɗe ba ta da aikin yi. Sai ya bi gefen kanal har wurin gyaran injunan aikin noman rani. In ya haɗu da garken wani a hanya, yakan sauka ya tsaya har su wuce. Da yamma ya sayi tuwo wajen Zuliha, ya ci shi kaɗai a ƙofar ɗakinsa. Ni maƙwabcinsa ne, ina koyarwa a firamare, kuma shekara da shekaru ban ga baƙo a kan tabarmar nan ba.

A wannan wata ya ajiye aikin, an ce shekarunsa sun ja. Babu fansho, babu walima. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bafulatani ne, makiyayi ɗan makiyayi. Farin shekarar saba'in da uku ya cinye masa garke, makiyayar da ta rage kuma aka yanka ta filayen alkama da tumatir. Danginsa suka kaɗa abin da ya tsira suka yi kudu, wajen Lere. Matarsa Asta ta bi yayanta Gidaɗo, don babu abin ɗorawa a murhu. Shi kuwa ya ƙi tafiya, ya ce ba zai tsufa yana bin shanun suruki ba. Ya yi mata alkawarin damina biyu. Zai koyi sana'a, ya kama ɗaki, ya je ya ɗauko ta.

Ya fara da leburancin haƙar kanal. Yana dab da hamsin ya je ya durƙusa gaban Muhammadu Sani, mai aikin lantarki, wanda a haife ya haife shi.

Muhammadu Sani ya ce, "Baba, ka san mai koyo ba shi da albashi? Ɗan kuɗin abinci ne kawai. Lebura ma ya fi shi."

Ya ce, "Na sani, Maigida. Amma kanal za a gama haƙa shi. Waya kuwa yanzu aka fara ja."

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, kowa ya sayo rediyo da fanka, shi ko sisi, don mai koyo ba ma'aikaci ba ne. Garin rogo da ƙuli ya ci ya sayi filayar nan. Da hannunsa ya faɗa, aka ɗauke shi aikin kullum-kullum, albashin da iyakarsa tuwo da kuɗin haya. Abin da zai kawo Asta sai dai aikin cikin gari.

To a nan aka cuce ka, Baffa. Kai ne ka ja wayar lasifikar masallacinmu. Kai ne mai tada janaretan kanti, kai ne mai gyara fankokin 'yan ariyas. Amma tunda aka haife ka ba ka taɓa yanka wa abu kuɗi da bakinka ba. A kara, kasuwar shanu, dillali ne ke magana, mai saniya yana gefe. A gida Asta ce ke cinikin nono da man shanu. In aka ce maka "Nawa ne?" sai ka dubi ƙasa ka ce, "Abin da ya sauƙaƙa." Mutanen garin nan kuwa, wallahi, goro ne ke sauƙaƙa musu, sai kwandon tumatir a lokacin da tumatir ke ruɓewa a bakin titi. Zuliha ta sha gaya maka, "Baffa, direba ba ya karɓar tumatir." Damina biyu ta zama shida.

Ɗakinsa yana bayan injin niƙan Baballe. Ya ja waya daga can ya rataya ƙwan lantarki guda, amma bai taɓa kunna wa kansa ba. Aci-balbal yake kunnawa. Na tambaye shi dalili, ya ce wutar ba tasa ba ce, ta Asta ce.

Bayan girbin alkamar bana wani falken shanu ya kawo masa ɗan man shanu a gora, da saƙon baki daga Asta: "Idona ya fara hazo. In zai nuna mini wutar tasa, ya yi sauri." Ranar bai sayi tuwo ba.

A makon ne injin Baballe ya tsaya cak, mata sun yi layi da ƙwarya. Baffa ya wuni a kansa har injin ya tashi. Baballe ya miƙo goro yana cewa, "Nawa ne, Baffa?" Ina wurin. Baffa ya dubi ƙasa kamar kullum. Can ya ɗago kai.

"Kuɗin mota zuwa Lere, zuwa da dawowa. Dawowar ta mutum biyu ce."

Baballe ya mayar da goronsa aljihu, ya shiga ciki ya ɗauko, bai nemi ragi ba.

Baffa ya je Lere ya ɗauko Asta. Da azahar suka iso, yana riƙe da hannunta. Ya rufe ƙofa da taga don ɗakin ya yi duhu, sannan ya danna makunni. Zuliha, wadda ta kai mata ruwa, ta ce Asta ta daɗe kanta a ɗage. Sannan Asta ta ce, "Ina ganin wani abu fari-fari, kamar nono a ƙwarya." Ta lalubo hannun rigarsa. "Nawa suke biyan ka?" Baffa ya dubi ƙasa. Ta ce, "To, daga yau ni za a tambaya."

Mun gode, Sada na Asta. Allah ya saka maka, ya riƙe mata abin da ya rage na gani. Wanda duk furfura ta tarar ba sana'a, ya dubi mutumin nan ya je ya durƙusa ya koya. Ku kuma masu fanka da rediyo, Baffa yana nan yana aikin cikin gari. In ya gama, ku bar goronku a aljihu, ku je ƙofar ɗakin. Asta tana zaune a kan tabarma.