Motar Malam da Safiyar Sanyi

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sa'idu direba, amma har yau in sanyi ya shigo na ji wata mota tana tari a layinmu da asuba, sai na tsinci kaina ina murmushi.

Motarsa tsohuwa ce mai shan gas. Da ita yake ɗauko matan Fulani masu nono daga rugagen wajen Roni zuwa Kazaure, kuma da wannan jigilar muke ci. Wata shekara ta ɓullo da hali. In ya murɗa makulli da safe sai ta tashi lafiya, ta ɗan yi gurnani, ta mutu. Sai ya sha fama kafin ta yarda. Da rana kuwa lafiyarta ƙalau.

Ya sake hita, wato abin da ke ɗumama injin kafin ya tashi. Ya kai batir caji. Ni kuma aikina dafa ruwa a tukunyar tuwo, yana kwarara wa filta, wato matatar man motar. Maƙwabcinmu Alhaji Ado in ya dawo daga masallaci sai ya ce, "Malam, an yi wa amarya wanka? Saura turare."

Goggo Dije, babbar matan nan, ba ta ga abin dariya ba. Ta ce masa, "Sa'idu, muna jin nauyinka, amma kullum sai mun tarar masu saye sun watse. In sati ya zagayo a haka, za mu nemi wata motar." Ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba.

Gidanmu a gindin dutse yake, ƙofar gida gangare ce, kuma tun da ya sayi motar hancinta sama yake ajiye ta, tana kallon zaure. Ana cikin haka matar Alhaji Ado ta haihu, aka kafa rumfar suna a wurin. Dole Malam ya juya motar, ta kwana hanci ƙasa. Washegari murɗa ɗaya ta tashi, ba ta mutu ba. Alhaji Ado ya ce albarkar jariri ce.

Malam ya ce, "Allah ya ƙara wa jariri albarka, amma bari in gwada wani abu."

Da aka kwashe rumfa ya mayar da ita hanci sama, ta mutu. Ya juya ta, ta tashi. Ya shigo yana dariya har hularsa na faɗuwa. "Rabi, ba sanyi kaɗai ba ne! In ta kwana hanci sama, man ne yake sulalewa ya koma tanki. Iska na shiga ta wani wuri." Ya bi tiyon mai da yatsa har ya samo wata tsaga, siririya kamar gashi. Sanyi ke sa robar ta ƙage, tsagar ta buɗe. Kafin azahar an sake tiyo.

Yanzu ɗanmu ya ce bakanike na'ura yake jona wa mota, ta faɗi ciwonta. Na san da Malam na nan sai ya je ya gani, ya yaba, sannan ya tambayi na'urar ko ta san yadda motar ta kwana. Bai taɓa gaba da sabon abu ba. Abin da ba ya so shi ne a yanke hukunci kafin a duba, ko a kan mota ko a kan mutum. Haka ya zauna da ni, haka ya rene 'ya'yansa.

Motar ta daɗe da barin hannunmu, ban ma san inda take ba. Amma ranar sadakar ukun Malam matan nan suka cika min tsakar gida, ƙorensu a jere a bakin rijiya. Goggo Dije ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinya, tun daga waccan shekarar bai ƙara barinmu a bakin titi ba."

Allah ya jiƙanka, Malam, ya sa kai ma ba a bar ka a hanya ba.