Injin Maiturare Ba Ya Cin Dutse

Maiturare bai taɓa sayar da turare ba. Sunan kakansa ya ci, kuma duk wanda ya matso kusa da shi warin man gas da ƙurar gero zai shaƙa. Shi ne mai injin niƙa a wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Anka, gajeren mutum mai taurin kan da ko mahaifiyarsa ta daɗe da sallama masa.

A 1998, bayan rasuwar mahaifinsu, shi da ƙanensa Auwalu suka sayar da shanu huɗun da suka gada, suka sayo injin a Gummi wurin wani ɗan kasuwa mai suna Vincent. Akwai ɗan ƙarfe manne a jikin injin da rubutun boko. Vincent ya karanta masa: kilo ɗari biyu a awa. Maiturare ya ce shi bai san kilo ba, da tiya ake kawo masa niƙa. Ya kafe a shagon sai da aka aro tiya, aka cika ta da gero, aka ɗora a sikeli. Kilo biyu da rabi. Shi da yatsu, Vincent da biro a bayan kwali, suka yi ta lissafi har suka cimma matsaya: tiya tamanin ke nan a awa, tiya arba'in kuwa ita ce buhu. Buhu biyu a awa.

Wannan lissafi ya riƙe hannu bibbiyu. Ko ranar jajibirin Sallah, da ƙore ke yin layi har gindin dalbejiya, tsofaffi na mita, ba ya ɗura wa injin fiye da cikinsa. Injinan maƙwabta suka yi ta ƙonewa ana sakewa, nasa yana nan yana tari yana aiki har shekara goma.

Sai zinari ya ɓulla. Samari suka watsar da fartanya suka ɗauki diga. A haƙo dutse a daji, a farfasa da guduma, a kawo cikin gari a niƙa, a wanke a nemi ɗan abin da ke ƙyalli. Masu inji suka ga banza ta faɗi, inda ake zuba dawa da safe nan ake zuba dutse da yamma.

Wata ranar kasuwa Auwalu ya sa aka sauke buhuna biyu na dutse a ƙofar rumfar injin.

"Yaya, kai da bakinka kac ce injin ga na cin buhu biyu ga awa. To ga buhu biyu. Abin da za mu samu ga guda, sai ka yi wata kana niƙan gero ba ka gan shi ba."

Maiturare ya nuna masa wani buhun gero a jingine, ya ce ya ɗaga. Auwalu ƙato ne, ya rungume shi ya ɗaga har gwiwa. Maiturare ya ce to ya ɗaga na dutsen. Auwalu ya yi nishi, jijiyoyin wuya suka tashi, buhu ko gezau.

"Ka gani? Inji ba buhu shika ƙirgawa ba, nauyi shika ji. Naka guda ya yi biyun wanga. Kuma ko tiya guda kak kawo, ba ni zuba dutse inda nika zuba abincin mutane."

"Ai wankewa akai, Yaya."

"Su wanke nasu."

Magana ta kai gaban Inna, mahaifiyarsu, wadda ke zaune a gidan Auwalu. Auwalu ya ce ko dai a niƙa dutse, ko a sayar da inji a ba shi rabonsa. Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta kalli bango ta ce, "Kai babba, rabin injin ga nashi na. Ka sassauta."

Maiturare ba shi da kuɗin biyan rabi, kowa ya sani. Abu ɗaya gare shi, fadamar da ta faɗo a rabonsa, inda mahaifinsu ya koya masa dashen albasa. Auwalu har ya fara murmushi, sai Maiturare ya ce a kira shaidu, Auwalu ya ɗauki fadamar, shi ya riƙe inji.

"Gonar ubanku za ka bayar saboda ƙarhe?" in ji Inna, hawaye na zubo mata. Daga ranar, in ya je gaishe ta sai ta amsa a ciki-ciki ta juya masa baya.

Auwalu bai yi wata-wata ba ya sayar da fadamar, ya sayi nasa injin da sabon babur. Gari kuwa ya samu abin yi. In Maiturare zai wuce majalisa sai a ce ga mai buhu biyu nan, ya ƙi zinari ya zaɓi dusa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya daina bin hanyar fadamar gaba ɗaya, gara ya zagaya ta bayan maƙabarta da ya ga wani yana ban ruwa a gonar ubansa. Sau uku masu haƙa suna aiko masa da tayi mai tsoka, sau uku yana cewa a gaishe su.

Da kaka ta zagayo, wata hantsi yana cikin niƙa sai ya hangi tsohuwa tafe da ƙwarya a ka. Inna ce. Ta wuce rumfar Auwalu, inda farar ƙura ke tashi har saman zana, ta zo ta dire ƙwaryar a gabansa ba tare da ta dube shi ba.

"Garin can yashi shika yi ga haƙori. Jikokina sun ƙi tuwo."

Ya karɓi geron ya fara zubawa kaɗan-kaɗan, yadda ya saba.

"Kai babba, yi sauri mana, na bar ruwa bisa wuta."

"Inna, buhu biyu ga awa," in ji shi. "Ko ke ta."

Ta harare shi, ta jawo kujera ta zauna.