Baƙi Su Tashi

Majami'armu ta Magariya ɗaki ɗaya ce na ƙasa a bayan gari, kuma ba mu da yawa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai mun yi mata yaɓe, in ba haka ba damina ta cinye bangon gabas. Maza su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa. In mutum ɗaya ya ragu, sai mun ji a jikinmu.

A lokacin ni ke yin sanarwa bayan wa'azi. Al'adarmu ce a ce baƙi su tashi a gan su, a yi musu waƙar maraba. Akwai wani mai gyaran moto da ya zo daga ƙetaren iyaka da matarsa da ƙannensa. Tun farko jinina bai haɗu da nasa ba. Yana gyara mana waƙoƙin da muka gada, pasto kuma ya fara neman shawararsa kafin tawa. Saboda haka duk Lahadi in na ce baƙi su tashi, sai in kafe shi da ido har ya miƙe. Shekaru ya yi yana miƙewa. An haifa masa 'ya a garin nan, an yi suna mun ci tuwo, ban daina ba. Wasu na dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa daɗi nake ji.

Wata Lahadi gab da yaɓe ya miƙe tun ban kalle shi ba. Ya ce, "Baba, tun da baƙi muke, ba a sa baƙo aiki. Bana ku yi yaɓenku." Na ce masa ƙofa a buɗe take. Pasto ya nemi mu zauna mu sasanta, na ƙi. Matata ta ce in je gidan mai gyaran moton, na ce ta fita daga maganar maza.

Ranar yaɓe shi da ƙannensa ba su zo ba, tsofaffi muka taru. Babu mai iya hawa tsani da ƙasa a ka, sai muka shafe iya inda hannu ya kai. Da ruwa ya kankama, bangon ya zube har da rabin rufi. Muka koma yin sujada a zauren pasto, mata na tsaye a waje.

A lokacin mai gyaran moton ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa Dungas. Na hau kabu-kabu na same shi a gareji. Ya sa aka ba ni benci da ruwa, bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, har na ce na yi kuskure. Ya ce zai turo ƙannensa saboda tsofaffin matan da ke tsaye a rana, amma shi ƙafarsa ba za ta ƙara taka wurin ba muddin ni ke sanarwa.

Na ajiye sanarwar. Ƙannen suka zo bayan girbi suka tada bangon, ba su ci abincinmu ba, ba su gaishe ni ba. Shi har yau bai zo ba.