Supacaja da Ƙwaryar Wayoyi

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi zama mini a rai tun ƙuruciya, ba sai na yi dogon tunani ba. Ita ce Juma'ar da matan unguwarmu suka aiko da wayoyinsu domin motar Baffa ta yi musu caji. Wannan rana kam, ban ga abin da zai goge mini ita ba.

Lokacin ina ƙaramar sakandare. Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Bici, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da katangar gida, in ka fito zaure ka miƙa hannu sai ka taɓa ganyen dawa. Ni yarinya ce marar magana. Ko a aji aka yi tambayar da na san amsarta, sai in sunkuyar da kai in bar ta ta wuce. A gida ma Malama Shiru ake ce mini. Amma abin da bakina ya rasa, idona ya samu.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne autan kakarmu, wadda duk gidan muke kira Inna. Bakanike ne a Ɗambatta. Wata rana sai ga shi ya janyo wata tsohuwar mota ja a bayan akori-kura. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ba ta da rufi sai tamfol da ake naɗewa, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa. Ya ce wani dattijo ne a birni ya gaji da ita, kuma a zamaninta motar tsere ce. Ya ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, daidai inda Baba ya yi niyyar gina sabon rumbu.

Ya sha fama har ta tashi. Sai dai tashi daban, ƙarfi daban. In ta hau hanya sai ta riƙa nishi, a-daidaita-sahu ya wuce ta yana mata hon. Akwai wani hayi mai rairayi a bayan rafin garinmu, wanda dole ka hau shi kafin ka kai titi. Duk sanda ta je nan sai ta cije a tsakiya, daidai wata giginya, yara su biyo ta da gudu suna "Jan kunkuru! Jan kunkuru!" su tura. Kazar Inna kuwa tuni ta mai da kujerar fasinja wurin saka ƙwai.

Da gero ya fara nuna, wata safiya na kai kunu zaure na tarar Baba ya zaunar da Baffa.

"Malam bakanike," in ji Baba, "kaka ta ƙarato, ni kuwa ba ni da inda zan zuba hatsi. Motar da ba ta ɗaukar dami ko ɗaya, ba ta ɗaukar mace da goyo, ba ta hawa hayi, me ake da ita? 'Yan gwangwan sun zo sun taya."

"Haba Yaya! 'Yan gwangwan? Su sassare ta su ɗora a sikeli?"

"To ka ba ni dalilin barinta."

Baffa ya juya ludayi a cikin kunu. Can ya ce, "Ka ba ni zuwa Juma'ar sama. In ta hau hayin rafi da ƙafarta, ka bar mini ita, a gina rumbu a bayan gida. In ta kasa, ni da kaina zan kira su."

"Ba turi fa."

"Ba turi."

"Kuma ina cikin motar."

Baba mutum ne mai jiki. Na ga Baffa ya saci kallon tumbinsa, sannan ya ce, "Na yarda."

Washegari ya tafi birni, ya dawo da wani abu a naɗe cikin buhu. Ƙarfe ne ruwan toka mai gwargwaɗa a jiki, da ɗan faifai a hancinsa inda bel zai zauna. Inna ta fito da sandarta ta zungure shi.

"Auta, wannan kuma wace irin tukunya ce?"

"Supacaja ce, Inna."

"Caja?"

"E, supacaja. Kamar ki ce babbar caja. In na ɗaura wa motar nan, an gama magana."

Hankalinsa yana kan neman sifana, bai tsaya yi mata bayani ba. Inna ta gyaɗa kai a hankali ta koma ciki. Ya kamata in faɗa cewa garinmu ba wutar lantarki a lokacin. Mai son caji sai ya aiki yaro har bakin titi, shagon mai janareto, wani sa'in wayar ta kwana can, wani sa'in ta dawo da batirin da ba nata ba. A cikin makon nan kuwa aka yi suna a maƙwabta, Inna ta je ta wuni.

Kullum bayan la'asar Baffa yakan dawo daga gareji ya buɗe gaban motar. Ni kuma in na dawo daga Islamiyya sai in zauna a kan tushen darbejiya ina kallo. Ranar nan ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Malama Shiru, kin san zugazugin maƙera?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To inji wuta ce a rufe. Wuta kuwa sai da iska. Da, motar nan da kanta take shaƙar iska, ga shi ta tsufa, numfashi ya gaza. Wannan abin zugazugi ne. Zan haɗa shi da injin da bel, duk juyin da injin ya yi shi ma ya juya, ya tura masa iska." Ya nuna mini faifai biyu, ƙarami da babba, ya ajiye ƙaramin a gefe. "Ƙaramin ya fi hurawa, amma tsohuwa ce. In ka matsa mata sai ta fashe. A hankali ake bi da tsofaffi."

Ya canza fulogi, ya wanke lagireto mai sanyaya inji har ruwan da ke fita ya daina ja, ya ƙara buɗe hanyar mai. Bel ɗin farko ya yi gajere, na biyu ya riƙa zamewa yana kuka kamar ɗan tsako. Da aka gama kuma murfin gaban ya ƙi rufuwa, dole ya yanke shi ya yi taga, kan supacajar ya leƙo waje kamar ƙadangare a kan katanga.

Ranar Juma'a tun da hantsi aka fara sallama. Yarinya ta farko ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Wai in ji Ummata, ga waya a sa mata a cajar Baffa." Kafin ta fita wata ta shigo. Ashe a gidan suna Inna ta shaida wa mata cewa autanta ya kawo babbar caja daga birni, wahalar aike bakin titi ta ƙare. Inna ta ɗauko babbar ƙwaryarta ta gado, ta yayyaga tsofaffin ƙyallaye, kowace waya ta ɗaura mata nata launi don kada a gauraya. Na matsa kusa da ita na ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ai ba irin wannan cajar ba ce."

"Ke tafi can, 'yar boko. Caja caja ce. Da kunnena na ji."

Da aka sauko daga masallaci ta ɗora mini ƙwaryar a ka, ta yafa sabon mayafinta, ta fito ƙofar gida tare da tsofaffin ƙawayenta. Wajen ya cika: masu zuwa kallon mota, da masu jiran waya. Baba yana zaune a kan benci da babbar rigarsa.

"Auta," in ji Inna da ƙarfi yadda kowa zai ji, "ga wayoyin mutane. Ka fara da ta Goggo, ɗanta zai kira daga Legas."

Baffa ya ɗago daga cikin injin, ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Samarin da suka yi makaranta suka fara toshe baki, wani har ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ga kumatun Baffa sun kumbura da dariya. Sai idonsa ya faɗa kan Inna, tana tsaye tsakiyar ƙawayenta ta ɗaga haɓa, fuskarta cike da alfahari. Wallahi a kan idona dariyar nan ta koma ciki. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, ya ce:

"Inna ta yi gaskiya. Motar nan tana caji. Amma fa sai ta tashi." Ya ɗan karkata wajen Baba. "Sai kuma in ta zauna a gidan nan."

Baba ya yi kamar bai ji ba.

Baffa ya shiga ya murɗa makulli. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Shiru. Ya sake. Ƙyat. Ashe yawan gwajin da ya yi ta yi ya shanye batirin. Goggo, ɗaya daga cikin ƙawayen Inna, ta tafa hannu ta ce, "Af! Mai cajin ma ba ta da caji?" Wajen ya kece da dariya, har da Baffa.

"A ɗan tura mini ta tashi," in ji shi.

"A'a," in ji Baba yana miƙewa. "Mun ce ba turi."

"Yaya, a hayi muka ce!"

"Ni dai na ji ba turi."

Na san Baba, in ya kafe ba mai tanƙwara shi. Allah ya taimaka Malam Liman yana cikin 'yan kallo. Ya gyara murya ya ce, "Alhaji, turin tashi daban, turin hayi daban. Ko jaki ai sai an zungure shi yake miƙewa, amma ba a cewa an ɗaukar masa kaya." Mutane suka ce, "Gaskiya ne, Malam!" Muryar matan da ke da waya a ƙwaryar ta fi ta kowa tashi.

Baba ya tattare babbar rigarsa ya cusa kansa cikin kujerar, gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemunsa, motar ta ƙara durƙusawa ta ɓangarensa. Yara da samari suka dafa ta, duk wanda uwarsa ke da waya a kaina ya zage ƙarfinsa. Ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, sai ta kama. A kan rugugin da muka saba ji sai ga wani sabon sauti siriri yana hawa sama, yiiiii. Goggo ta dafe ƙirji. "La ila! Ku ji, motar ma guɗa take yi!" Sai ta kama hanci ta rangaɗa tata, sauran tsofaffin suka amsa.

Muka yanke ta cikin gonaki muka riga su zuwa bakin rafi, ni ina tafe a hankali saboda ƙwarya. Motar ta gangaro, ta ratsa ɗan ruwan da ya rage, ta kama hayi. Tana zuwa daidai giginyar nan sai ta rage gudu, kamar ta tuna nan ne wurin hutawarta. Kowa ya zuba mata ido. Wani yaro har ya ɗaga ƙafa zai je turi, yayansa ya finciko shi. Na hango hannun Baffa ya sauya giya. Guɗar nan ta ƙara tashi, rairayi ya yi feshi ta baya, jan kunkuru ya yi tsalle ya haye kamar an harba shi. Hular Baba ta tashi sama ta faɗa cikin dawa. Kafin ihun mutane ya lafa, sun ɓace ta wajen titi.

Na tsinto hular, muka koma ƙofar gida muna jira. Suka daɗe. Baba shi ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Amma na ga tana ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Auta dai ya saba. Wancan ɗin ne ba ya son iska."

Sai muka jiyo guɗa daga nesa. Da suka tsaya, Baba ba hula, rigarsa ta koma baya, bakinsa a buɗe har ina ganin wani gibi da ban taɓa sanin yana da shi ba. Da ya lura ana kallonsa sai ya gimtse, ya fito da ƙyar, ya kakkaɓe jiki ya ce, "To, ba laifi. A gina rumbun a baya." Ina miƙa masa hula na ji ya sunkuya wajen Baffa yana raɗa, "Gobe da sassafe mu sake, kafin mutane su fito."

Baffa bai manta da ƙwarya ba. Ya zaro wata 'yar caja mai baki uku daga aljihun motar, ya soka ta a ramin kunna taba, ya bar injin yana aiki. Ya zaunar da ni a kujerar da kaza ta bari, ƙwarya a cinyata. Da wayar Goggo ta kawo haske, Inna ta juya ta dubi ƙawayenta, kallon kawai ya isa. Ni aka bar wa kiran masu waya, dole na ɗaga murya: "Mai koren ƙyalle! Mai ruwan ɗorawa!" Ummata ta ce tana cikin gida ta ji, ta yi ta tambaya 'yar wa ce wannan mai baki. Baba kuwa ya yi ta mita cewa duk jihar Kano ba cajin da ya kai wannan shan mai, amma tasa wayar ma sai da ya jefa a ƙwaryar.

Daga baya Baffa ya haɗa wa Inna wani allon cajin waya da tsohon batir a zaure, yana cika shi da motar. Har ta koma ga Allah, supacaja take kiran allon nan, ba kuma wanda ya taɓa gyara mata.

Na girma, na ga masu ilimi da yawa waɗanda ba sa iya barin kuskuren babba ya wuce sai sun daka shi a bainar jama'a. Duk sanda na ga haka sai in tuna kumatun Baffa da dariyar da ya haɗiye. Da ya sake ta, da an yi nishaɗi na ɗan lokaci, Inna ta koma gida da kunya, shi kuma ya rasa masu tsaya masa a gaban Baba. Abin da na koya ke nan: tsoho, mutum ne ko inji, ba a yar da shi don numfashinsa ya gaza. Iska ake ƙara masa, a hankali, sai ka ga ya haye da kai.