Igiyar Gugan Inna ta Gude

Shekarar da aka fara Shari'a a Kano, ina koyarwa a wata firamare a Garo. Ana cikin hutu hedimasta ya aika a kira ni. Wai wasu malaman jami'a sun zo binciken abin da ke sa rijiyoyinmu ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba, kuma suna neman 'yar gari da za ta riƙa raka macen da ke cikinsu.

Su uku ne. Akwai wani Dakta dogo, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da wani gajere mai nazarin damina, wanda ba ya rabuwa da lema ko da sama tana tas, sai Hajiya mai binciken zaman jama'a. Jami'a ba ta da halin ba su mota biyu, don haka a wata tsohuwar a-kori-kura suka zo. Da yake lokacin ana ta batun raba maza da mata a mota, direba ya sa ni da Hajiya a gidan gaba, manyan malamai suka hau baya da kayan awo. Duk ramin da muka faɗa sai na jiyo salatin Dakta.

A Gude mai unguwa ya ce rijiyar da ta fi kowace tsufa tana cikin wani gida, gidan kuma ba shiga. Dakta ya roƙi maigidan minti biyar kacal. Dattijon ya yi murmushi, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin katanga. Dole Dakta ya miƙa wa Hajiya tef ɗin awo, ya tsaya a waje yana ɗaga murya yana koya mata yadda ake zura shi. Hajiya gwana ce wajen sa mutane magana, amma ba ta taɓa awon rijiya ba. Da ya ce ta saki a hankali, sai ta sake shi gaba ɗaya. Muka ji tsulum.

Mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune tana ɓarar wake. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambayi abin da muke nema. Na ce so ake a san yadda ruwan ya yi ta ja da baya shekara da shekaru.

"Don wannan kuka ƙona mai tun daga Kano? 'Yar nan, miƙo min gugan can."

Igiyar duk ƙulli ce. Ashe duk lokacin da guga ya daina kai wa ga ruwa sai ta ƙara wani guntu, kuma ta san labarin kowanne. Na kaba ta ƙara shi shekarar da fari ya kashe musu shanu. Wani ƙyallen atamfa kuwa na zamanin ostariti ne, lokacin da sabulu da madara suka ɓace a kasuwa, har ta yaga zaninta don igiya ta yi tsada. Na roba da ke ƙarshe sun zo ne kusa da kusa, tun da masu tumatir suka kawo injinan ban-ruwa fadama. Hajiya ta cika shafi huɗu.

Muka jefa musu igiyar ta saman katanga. Da yake tef yana cikin rijiya, da lemar gajeren suka auna tsakanin ƙulli da ƙulli. Nan gardama ta kaure. Dakta ya ce injina ne suka zuƙe ruwan, gajeren ya ce damina ce ta gajarce. Inna ta saurara ta gaji.

"Ku ce musu ruwan sama ya ragu, masu sha sun ƙaru. Kuma su maido min igiyata, ban ɗora girki ba."

Dakta ya so ya tafi da igiyar Kano ya ba Inna sabuwa, ta ce sabuwa tana yanka hannu. Hoto kawai ta yarda a ɗauka. Ita ce ma ta ciro mana tef ɗin da ƙugiya, ta dama mana fura.

Daga ranar, duk garin da muka shiga igiyar guga Dakta ke fara tambaya. Kafin mu isa Getso labari ya riga mu, wai 'yan jami'a na sayen tsofaffin igiyoyi. Wani bawan Allah ya tare mu da igiyar ɗaure jaki, ƙulle-ƙullenta sababbi fil, ya ce kowane ƙulli da tarihinsa. Dakta ya zauna ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ina ya bar jakin. Mutumin ya waiwaya, ya ce ai kuwa bari ya je ya duba.